A Getso Ba a Tambayar Kilo

Zaman Abuja ya saka mini wata ɗabi'a: ba na iya sayen nama sai na ga lamba. In na shiga babban kanti, wajen firij mai gilashi nake nufa kai tsaye, in tarar da tsoka a jere cikin 'yan farantai, an lulluɓe kowace da leda an manna mata takarda. Takardar za ta gaya maka sunan yankan, da nauyinsa har zuwa giram, da kuɗin kilo, da ranar da aka ɗaure shi. Ba gaisuwa, ba taya, ba albarka. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin wayewa, ina kuma biyan kuɗin wayewar ba ƙorafi, duk da cewa a Zariya na tashi, inda ake aikena wajen mahauci da kwanon sha da murfinsa.

Abokin aikina mutumin Getso ne, ta ƙaramar hukumar Gwarzo a yammacin jihar Kano. Da aka yi masa haihuwa ya ce lallai sai na je suna, ni kuma na shiga tunanin abin da zan riƙa wa kawunsa, dattijon da zai sauke mu. Shadda kowa zai kai, turare ma haka. Sai na ce bari in kai abin da ƙauye ba su da shi. Na sayi tsokar gadon baya, wadda ta fi kowace tsada a kantin, na jera a kula na danna ƙanƙara. Muka kwana a Kano, da safe muka fita ta Kabuga, muka wuce sabuwar jami'ar Bayero da barikin Janguza da Rimin Gado, muka ratsa ƙasar Kabo. A nan na fara lura da cewa motocin da ke gabanmu da na bayanmu kusan duk da ƙaho a cikinsu. Ga a-kori-kura da bijimai biyu an ɗaure su kai da kai, ga mai babur da akuya a kwance a kan cinyarsa tana kallon hanya. Ashe ranar kasuwa muka faɗo, kuma karar Getso tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yankin.

Kawu ya buɗe kular a zaure, ya ɗaga leda ɗaya, ya juya ta gaba da baya.

"Daga Abuja?"

"Daga Abuja, Kawu."

"Madalla. Allah ya yi albarka, ya bar zumunci." Sai ya waiwayi ɗan 'yar'uwarsa. "Wai abokin nan naka mutumin ina ne?"

"Bazazzagi ne, Kawu."

"To, shi ya sa."

Zauren ya kwashe da dariya. Tsakanin Kanawa da Zage-zagi ba a barin bashin tsiya ya kwana, saboda haka na ce ai na ji labarin Bakano ba ya cin nama mai kyau, sayar da shi yake yi, shi ya sa na tausaya na kawo. Kawu bai yi dariya sosai ba. Ya ce, "Ɗan nan, ka faɗi gaskiya ba ka sani ba. Sa takalminka mu je."

Layin mahauta ba ya ɓuya, hanci ne ke kai mutum. Rumfuna ne a jere, kowace da tebur da gungumen icce da gatari ya cinye tsakiyarsa, cinya a rataye a ƙugiya, yaro yana kaɗa tsumma yana korar ƙuda, ƙudan kuma suna jiran hannunsa ya gaji. A kan tebur nama ne kashi-kashi. Na duba sama na duba ƙasa, ban ga sikeli ba. Duk da haka bakina ya riga ni.

"Sarkin fawa, nawa kilo?"

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Yallaɓai, na nawa kake so?"

Tambayar ta tsayar da ni. A inda na fito, nauyi ne a tsaye, kuɗi ke bin sa. A nan kuɗin ne a tsaye, naman ke bin su, kuma yawan abin da zai biyo yana hannun mai wuƙa. Ka ce na dubu biyu, ya yanko tsoka, ya sara ƙashi, ya ɗora kitse, ya ɗan ja baya ya kalli tulin, ya ƙara ko ya rage. Ma'aunin yana cikin idonsa, idon kuma yana kallon abubuwa da yawa ban da naman: ko rana ta yi, ko saura da yawa a ƙugiya, ko kai wane ne.

Kawu bai tambayi kuɗi ba. Ya yi sallama, ya tambayi kasuwa da iyali, sannan ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur. Kan dabbar yana nan a ajiye, da ƙafafu, da fata a naɗe. Ya ɗago ya kama gefen kitsen da ke jikin haƙarƙari, ya nuna mini. Rawaya ne sosai.

"Tsohuwa ce."

"Tsohuwa ce, Baba," in ji mahaucin, ko gezau bai yi ba. "Amma lafiyarta ƙalau. Haihuwa ta daina, Bafulatanin ya fitar da ita."

Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan. Na yi zaton za a yi musu da rantse-rantse. Babu. Kai yana ƙarƙashin tebur, duk mai shakka ya buɗe bakin ya ƙirga haƙora. A birnin Kano, inda ake yanka raƙuma a abbatuwa, wanda bai san nama ba yana iya cin raƙumi ya tashi yana yabon sa. A nan mai naman yana kwance a gabanka da ƙahonsa.

Muka matsa rumfa ta gaba. Naman nan ja ne wur har ya yi duhu, zarensa kauri-kauri. Kawu ya danna da yatsa, ya ce san huɗa ne, ya yi shekaru yana jan garma, da damina ta wuce aka ɗan ba shi dusa aka kawo shi. A rumfa ta uku kuwa ya daɗe a tsaye. Kitsen fari ne tas, mai tauri, tsokar ja mai haske, tozon da aka tsaga biyu yana ƙyalli. Wannan turkakken bijimi ne, wanda aka ɗaure wata da watanni a bayan gida ana ba shi harawa da ƙowa da dusa da ɗan kanwa, bai taka ko'ina ba sai ranar da aka ja shi kasuwa. Kawu ya sa aka yanka mana na kuɗi ɗaya a duk rumfunan uku. Na tsohuwar ya cika leda. Na san huɗa ya bi masa. Na turkakken kuwa, da aka miƙo, na ɗauka somin-taɓi ne.

Wato akwai daraja hawa-hawa a Getso, yadda take a kantin Abuja, sai dai ba a rubuta ta. Girman kashi ne ke faɗinta, kuma yarinyar da aka aiko da kwano ta san karatun. A rumfar ƙarshe mahaucin ya yanko hanta mai kauri ya ɗora wa Kawu gyara. Na ce ni fa? Kawu ya ce, "Kai gode wa Allah da kake tare da ni. Da kai kaɗai ka zo, da hular nan taka ta cinye rabin kashin."

Akwai wani ɗan ma'auni mai ƙugiya da nake auna jaka da shi in zan hau jirgi, kullum yana cikin mota. Da muka koma gida na zagaya bayan motar na rataya ledojin ɗaya bayan ɗaya, ina waige kada yara su gan ni. Sun gan ni. Kafin azahar labari ya kai cikin gida cewa baƙon Abuja yana auna nama a ɓoye. Abin da ma'aunin ya nuna shi ne, ko turkakken, mai tsadar Getso, ya fi na kantina araha nesa ba kusa ba. Amma da na tuna cewa nawa tsoka ce zalla, na nan kuwa da ƙashi da jijiya da kitse a ciki, sai ratar ta ragu. Ba ta rufe ba, ta dai ragu. Sannan wata tambaya ta taso da ma'aunin ba zai amsa ba: shin ƙashi da kitse asara ne? A lissafin Abuja asara ne, shi ya sa ake fere su a zubar kafin a ɗaure leda. A Getso wanda aka ba tsoka zalla zai ce an cuce shi, don da me za a yi romo?

Kafin nan, mun shiga kara, kuma a nan ne maganar da na yi da wasa a zaure ta same ni.

Kara duniya ce daban. Ƙura, kuka, igiya, sanda, da mutane masu magana ƙasa-ƙasa a kan kuɗin da zai sayi fili. Farare masu baƙin kunne da Fulanin wannan yanki suka fi kiwo, Bunaji, su suka fi yawa. Ga jajaye masu dogon ƙaho, Rahaji, suna kallon kowa a wulaƙance. Ga Bokolo masu gajeren ƙaho da saɓar wuya har ƙirji. Na tsaya kusa da wani dillali ina kallon yadda yake duba sa. Ya kama hanci, ya ɓare leɓen ƙasa: manyan haƙora 2 sun fito, sa ya kai shekara 2 ko kusa, in 8 suka cika ya haura 4. Ya shafa gadon baya, ya matsa gindin wutsiya ya ji kitse, ya girgiza tozo ya ga ko a tsaye yake ko ya kwanta. Bai yi minti biyu ba ya faɗi kuɗi, mai sa ya ce albarka, aka ja, aka ja, aka sallama, aka ware la'ada. Wannan mutumin yana auna dabba mai rai da tafin hannu, kuskure kaɗan ya jawo wa wani asarar dubban naira, kuma da safe ni nake mamakin mahauci ba shi da sikeli.

Sai Kawu ya ja hannuna zuwa bakin kara, inda manyan motoci suke ja da baya suna jingina da tudun lodi. Duk bijimin da na tsaya na yaba a ciki, a nan na sake ganinsa, ana murɗa masa wutsiya ana tura shi sama. Masu faɗin baya, masu cikar cinya, masu tozo a tsaye, su ake zaɓa, don su ne za su jure tafiyar kusan kilomita 1,000 su isa Legas da sauran nama a jikinsu, su kuma biya kuɗin mota. Wasu mayankar Oko-Oba ta Agege za su ƙare, wasu Ibadan, wasu Fatakwal, wasu kuma nan kusa, Dei-Dei ta Abuja. Abin da ya rage bayan motoci sun tashi, tsofaffi da ramammu da wanda ya yi ɗingishi, shi mahaucin gari ke iya taya. Turkakken da muka samu a rumfa ta uku sa'a ce, mai shi ya matsu ne, mahauta uku suka haɗa kuɗi suka saya.

"Ka gani?" in ji Kawu. "Mu ke kiwo, ku ke ci."

Ba sabon abu ba ne. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda Hausawa ke kai shanu can, masu gida da dillalai suna ba mahautan Yarbawa bashin garke guda ba takarda ba sa hannu, sai sanin mutum. Hanyar ce har yau, sai dai tirela ta karɓi aikin ƙafa da jirgin ƙasa. Kuma duk wanda ya manta daga ina naman kudu ke fitowa, an tuna masa a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da 'yan kasuwar shanu da kayan abinci suka tsayar da motoci a Jebba na 'yan kwanaki, nama ya yi tashin gwauron zabo a Legas. Su ma na nan suna da wanda ke riƙe musu wuya. Dillalin da na tsaya kusa da shi bai gama maganarsa ba sai da ya kawo ƙorafin hana fitar da dabbobi da gwamnatin Nijar ta yi a watan Mayun 2025, gab da babbar salla, da kuɗin mai da ya hau tun cire tallafi a 2023. Ya ce duk abin da aka ƙara a kan hanya, a tebur ake cire shi, kashi ya ƙara ƙanƙancewa.

Ina tsaye a wurin na tuna wani abu da na sani amma ban taɓa haɗa shi da cikina ba. Naman sa yana cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya. Ke nan tsokar da na ɗauko a kula, da takardarta da sunanta na Turanci, ba daga wata ƙasa ta zo ba. Ko da kantin yana da gonar da ake turka masa shanu, bijiman da ake turkawa galibi daga irin wannan kara ake sayo su. Mai yiwuwa ne abin da na yi shi ne na biya wa sa kuɗin mota zuwa Abuja, na biya masa wuta da gilashi da leda, sannan na ɗauko shi a motata na maido shi gida.

Da yamma aka yi shari'ar da ta fi ta ma'auni. Matar Kawu, wadda kowa ke kira Inna, ta ce tunda baƙo mai awo ne, bari a auna masa a tukunya. Ta ɗora miyar kuka biyu, ɗaya da naman tsohuwar saniya da ƙashinsa, ɗaya da nawa. Sauran kuma ta ba samari su gasa a waje, nawa da na turkakken.

Na leƙa madafi don in gaishe ta, na tarar tana kallon tukunyar tawa da tausayi.

"Ɗan nan, naman nan naka ruwa yake kawowa. Ban sa masa ko ɗigo ba, dubi."

Gaskiya ne. Ƙanƙara ta fasa shi, yana jin wuta ya saki ruwa, kafin daddawa ta nuna ya fara wargajewa. Na tsohuwar kuwa tun la'asar yake kan murhu, icce na ci, shi yana nan daram, amma kitsen nan rawaya ya narke ya hau kan miya, bargo ya fito, ƙamshi ya cika tsakar gida. Da aka kawo tuwo ban buƙaci alƙali ba. Miyar tsohuwar tana da nauyi a baki, kana haɗiyewa tana nan. Tawa miya ce mai kyau wadda nama ya ratsa ta cikinta ya wuce.

A wuta kuma labari ya juye. Tsokar gadon baya da aka yanka fale-fale, aka shafa mai da gishiri, aka ɗora kan garwashi na ɗan lokaci, ta yi laushin da samarin suka yi shiru. Turkakken ya fi ta ɗanɗano, a ganina, amma yana neman haƙori. Dalilin ba asiri ba ne. Bayan yanka da 'yan sa'o'i nama yakan sandare, sai ya kwana biyu a sanyi kafin ya saki. Masu sayar da nama mai tsada a Turai sukan rataye shi mako 2 zuwa 4 a ɗakin sanyi don wannan. A Getso san da aka kayar da hantsi, kafin isha ya shiga ciki, bai samu lokacin saki ba. Kuma a nan naman da ya kwana abin zargi ne, can kuwa kwanan ake sayarwa.

Wannan ya sa na fara tuhumar ma'anar "mai kyau" da na zo da ita. A Amurka ma'aikatar gona ce ke ba naman sa daraja, na ƙoli su kira shi Prime, kuma abin da suke dubawa shi ne ƙuruciyar dabba da kitsen da ya ratsa cikin tsoka. A Japan naman Wagyu na Kobe, mai lambar A5, kitsen ya kusa rinjayar jan. Wannan awo ne na mutanen da ke gasa tsoka minti kaɗan su ci da wuƙa da cokali mai yatsu. Shanunmu masu tozo ba su cika ajiye kitse a cikin tsoka ba, a tozo da ciki da bayan fata suke tara shi. Mu kuma da yanka ɗaya za a ja malmala guda. Na ɗauko awon wasu na shekara da shekaru ina biya, alhali a gidana ma miya ake yi da naman. Ban ce laushi ba komai ba ne. Shaidata Kawu. Shi da ya wuni yana kushe naman leda, da aka kawo gashin na ga hannunsa yana komawa gefe ɗaya na faranti. Inna ta faɗa daga bayan labule, "Malam, a bar wa baƙo nasa mana." Ya ce, "Haƙoran da za su ci na Getso sun riga ni tafiya."

Akwai kuma abin da ba zan shafa wa mai ba. Wurin da ake yanka na gani da idona, daɓe ne da jini da ruwan jarka, kuma da zafin rana ƙudan layin mahauta sun fi ƙarfin yaro da tsumma. Na ga an tsaga wata hanta an tarar da tsutsa a cikin jijiyoyinta, mahaucin ya yanke wurin ya jefa wa kare, ya ci gaba da kasa sauran. Na kuma ji abin da kowa ya sani a kasuwannin dabbobi, cewa in saniya ta kwanta ciwo ba a jira ta mutu, wuƙa ake sa mata a ci rabin asara, naman kuma wani zai saya. Wa zai saya? Mai ƙaramin ƙarfi, da yamma, lokacin da kashi ya yi girman da ya kamata ya ba mutum tsoro. Araha ba ta ado, amma mai 'ya'ya takwas ba ado ya fito nema ba.

Na tambayi Kawu me ke hana mahauci cutar mutane. Ya ce akwai Sarkin Fawa, in aka kama mutum da mushe ko abin da ya lalace, shi zai fara hukunta shi kafin hukuma ta ji. Amma babban abin, in ji shi, mahaucin nan gidansa yana bayan masallaci, 'yarsa tana auren ɗan maƙwabcinka, in ya sayar maka da ciwo da asuba za ku haɗu a sahu. Na yarda da wannan, da sharaɗin cewa kariyar ta ɗan gari ce. Baƙon da ya sauka daga mota ya sayi leda ya wuce, ba ya cikin sahun. Sai dai ni ma da na juya tambayar kaina, ban ji daɗin amsar ba. Kwanan watan da ke jikin takardar kantina, wa na taɓa gani ya rubuta? Firij ɗin da nake dogara da shi, na san sau nawa ya mutu da dare kafin a tayar da janareta? Kawu ya san sunan mai san, ya san ƙauyen da aka turke shi. Ni lamba na sani.

Abin da bai ƙare a tebur ba kuwa ba ya kwana ɗanye. Da magariba layin ya koma na wuta. Tsokar da ta rage an fere ta an soke a tsinke, an turbuɗa a ƙuli da yaji, an kafa kewaye da tukuba. Haƙarƙari da kayan ciki sun hau waya sun zama balangu, ana yayyafa musu mai da albasa. Wanda ya fi yawa a shanya shi ya zama kilishi. Rashin firij ne ya haifi rabin abincin da muke tsayar da mota mu saya a Abuja da tsada, muna cewa na gargajiya.

Washegari bayan an raɗa suna an watse, Kawu ya ce duk wannan yawon da muka yi na rumfa-rumfa na masu gaggawa ne. Mai son nama mai kyau da araha watanda yake shiga. Ya kwatanta mini yadda suke yi in salla ta gabato. Magidanta goma ko ashirin su haɗa kuɗi, wani tun watanni yake zubawa kaɗan-kaɗan. A wakilta mutum biyu masu ido su shiga kara da sassafe, su yi takara da masu tirela a kan turkakken sa, ba ragowar da aka bari ba. A kira mahauci a biya shi ladan fiɗa. A shimfiɗa fata ko buhu, a kasa daidai yawan mutane, kowane kashi sai ya samu tsoka, da ƙashi, da hanta, da tumbi, da yankin tozo ko da bai fi yatsa biyu ba. In an gama, kowa ya ba da alamarsa, wani tsinke, wani tsakuwa, a kira yaron da bai ga komai ba ya ɗora a kan kashi-kashin. Wanda alamarka ta faɗa, shi ne naka. Ba ribar mahauci, ba kuɗin mota, ba hular da za ta cinye rabi.

Na ce a sa sunana a ta bana, kashi biyu. Kawu ya ce ba matsala, in turo kuɗin ta waya, amma nama ba ya bin waya, wa zai kai mini? Na fara bayanin kula da ƙanƙara da awa nawa mota za ta yi daga Kano. Inna ta katse ni daga tsakar gida.

"Wace ƙanƙara kuma? A soya shi cikin kitsensa yadda ake yi wa na layya, a bar shi ya tsane, a zuba a bokitin fenti. Wata biyu yana nan. Kai dai ka aiko da kuɗin icce, kuma ka faɗa wa mai ɗakinka kada ta sa masa hannu da ruwa."

Kawu ya ce a ƙara da kuɗin bokiti, don Bazazzagi ba ya dawo da kwano.